Wasan Minti Uku da Hannun Yohanna

Ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa ka isa gidan kawunka Isa a Dakata lafiya, ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya kare maka jikinka duka, musamman hannuwan nan biyu da za ka fara nema da su ranar Litinin. Ka gaishe min da kawunka da iyalinsa.

Na cusa maka wannan takarda a jaka ne saboda na san halina. Da na zaunar da kai da baki, kafin in kai rabi na fara faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta "to Baba, to Baba" alhali hankalinka yana kan waya. Saboda haka ka karanta ta tun daga sama har ƙasa kafin ka taka ƙofar kamfanin nan na Bompai, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Hannunka nake jiye wa tsoro, kuma ina da dalili.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ranar Laraba ina alwala a tsakar gida na ji kana ce wa mahaifiyarka: "Umma, ku bar ni da su. Bilits zan yi musu a kamfanin nan, wata ɗaya za su san an kawo mai sauri. Su Baba tunani ne ya yi musu yawa, shi ya sa shekara ashirin da biyu suna kan inji ɗaya." Ita ta yi dariya, ni kuwa sai da na sake alwalar, don na manta inda na tsaya. Ba gorin shekaruna a kamfanin Sharaɗa ne ya ƙona min rai ba, wannan ka yi ta yi, da injin nan ɗaya aka yi maka karatun da ya ba ka bakin magana. Abin da ya tayar min da hankali shi ne na ji muryata a bakinka. Haka nake magana shekara huɗu da suka wuce, kuma daga kallon bidiyo iri ɗaya muka ɗauko ta.

Ka san Yohanna, wanda ya samo maka aikin nan, shi ne zai zama shugabanka a ɗakin injina. Abin da ba ka sani ba, shi ya koya min wasan ches tun muna aiki tare a Sharaɗa. Mutumin kudancin Kaduna ne, a makaranta ya iya. Ni ina aikin safe, shi yake karɓar injina ƙarfe biyu na rana. Yakan zo da wuri da allonsa na roba a naɗe a hammata, ni kuma ina hutun cin abinci, sai mu zauna gindin darbejiyar bakin get. Wasa ɗaya sai mu kwana uku muna yi. In lokaci ya ƙure ya ɗauki hoton allon da waya, gobe mu ɗora daga inda muka tsaya. Yohanna zai iya kallon doki ɗaya har shinkafarsa ta huce bai taɓa shi ba.

Sai kai ka sa min bidiyon nan a waya, na masu buga ches a intanet, kowa minti uku kacal, wanda kuke ce wa bilits. Ba zan yi maka ƙarya in ce ban ji daɗinsu ba. Na ji, har yau ma ina ji. Ga mutum zaune da abin ji a kunne, yana wasa yana surutu, agogo yana cin lokacinsa a gefe, shi ko a jikinsa. Rabin Turancinsa ba na ji, amma yana zana kibiyoyi a kan allo, ka ga inda hankalinsa ya tafi ƙarara. Ya yi ɓarin sarauniyarsa ya dafe kai ya yi dariya, ka ji sanyi a ranka cewa ashe gwanaye ma suna yi. Ya zo ya ci wasa saura daƙiƙa ɗaya, mu da muka kewaye wayar mu ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo, har 'yan lodin nan mutanen Nijar da ba su san bambancin sarki da soja ba. Kuma na koyi abubuwa. A nan na san a fito da dawakai da wuri, a ɓoye sarki a kusurwa tun ba a fara rikici ba, kada a yi rawar kai da sarauniya tun farkon wasa, da yadda doki ɗaya yake kai wa abu biyu hari lokaci guda. Wata biyu da fara kallo na ci Yohanna karo na farko, na dawo gida na hana kowa sakat da labari.

Ga kuskurena na farko. Na ga wani gwani ya ba da sarauniyarsa da gangan, bayan taku uku ya kama sarkin abokin wasansa. Washegari ko bismillar abinci ban yi ba na tura wa Yohanna tawa sarauniyar gaban sojansa, na harɗe hannu ina jira. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗago.

"Haruna, ba ni ka yi, ko mantawa ka yi da ita?"

Na ce, "Dabara ce, ba za ka gane ba."

Ya ce, "To, na gode da dabara." Ya cinye ta, ya bi sauran ya cinye ɗaya bayan ɗaya, mai shayi yana yi mana dariya.

Abin da na kasa ganewa a lokacin, mutumin cikin bidiyon ba sauri yake yi ba, tunawa yake yi. Ya shafe shekaru yana zaune da allo a hankali, ba kyamara ba 'yan kallo, har abin ya zauna masa a ido. Minti ukun nan ƙarshen aikinsa ne, mu kuma muka ɗauka farkonsa ne. Za ka tarar da tsofaffin ma'aikata a Bompai hannunsu yana tafiya kamar ba sa kallo. Kada ka kwaikwayi hannun. Ka tambaye su me suke dubawa kafin su miƙa shi, ka yarda a kira ka mai nawa na wata shida, ba wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda wannan sunan.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don rowa na yi wa kaina. Duk gwanin da yake da mutunci, in ya gama wasa yakan koma baya ya bi shi taku taku a hankali, yana nuna inda ya yi shirme ko da shi ya ci. Ni kuwa da na ga an fara wannan sai in tura bidiyon gaba, ina neman inda agogo zai sake gudu. Wato inda ake raba ilimin nan nake tashi. Wata rana na tambayi Yohanna wace magana ce mutumin yake yawan maimaitawa kafin ya taka. Ya saurara ya ce, "Cewa yake, me wancan yake so? Me yake shirya min?" Ashe duk saurin nan nasa, ba ya taɓa komai sai ya fara duba abin da ɗaya ɓangaren yake nufi da shi. Wata da watanni ina kallo, wannan ɗaya ta wuce ni. Kai ma na lura da babban yatsanka a kan waya, haka kake yi. Da safe kafin a kunna injina akwai ɗan jawabin da ake yi a kan tsaro, ma'aikata suna hamma suna kallon rufi. Ka tsaya a gaba ka ji shi, ko da karo na ɗari ne.

Na uku, akwai wani abu a wasan intanet da ya fi komai burge ni. Kana iya ajiye takunka tun abokin wasanka bai taka ba, da ya motsa naka ya fita da kansa, ka tsira da daƙiƙa guda. Na ɗauki wannan na shigo da shi har cikin gida. Mahaifiyarka ta fara magana, kafin ta kai ƙarshe na ce "eh, a yi." Rannan ta ce, "Malam, dama ina so in ce ko..." na ce "a yi kawai." Ashe ƙanwarta ce za ta zo da yara huɗu su yi hutun makaranta a ɗaki biyun nan namu. Ka tuna lokacin da ka koma kwana a zaure, to ni na jawo maka. Da na yi ƙorafi ta ce, "Ai ka amsa tun ban tambaya ba." Wannan dariya aka yi aka wuce. Da a gida abin ya tsaya, da ban rubuta maka komai ba.

Yanzu ka natsu. Injin da za a ɗora ka a kai irin nawa ne, na zuba bokitin roba. Ƙarfe biyu ne suke haɗuwa da ƙarfin da zai niƙe dutse, a zuba narkakkiyar roba a tsakaninsu, su buɗe, ka ciro bokiti. Akwai ƙofar kariya. In ka buɗe ta injin ya tsaya cak, sai ka rufe zai ci gaba. Buɗewa da rufewar nan suna cin lokaci, a bango kuma ga allon da ake rubuta sunan kowa da yawan bokitin da ya fitar, ga sufabaiza yana yabon na sama a gaban jama'a yana harara na ƙasa. Shi ya sa ma'aikata suka ƙirƙiro wata muguwar dabara. Sai a yanko robar cikin tayar keke a ɗaure ɗan makunnin da ƙofar take dannawa, injin ya ɗauka ƙofa a rufe take kullum. Daga nan yana buɗewa yana rufewa da kansa, kai kuma kana zura hannu a tsakani kana fizgo bokiti. Kowa ya san ana yi, manya suna wucewa suna kau da kai muddin lambar allo tana hawa, kuma wannan kau da kan har gobe yana ci min rai. Shekara goma sha takwas ina zagin masu yi. Sai ga ni da furfurata, na kalli wani yana ajiye taku kafin lokaci a waya, na ce ai ni ma na san motsin injina kafin ya yi shi. Na ɗaura. Sati biyu sunana yana saman allo, ina tafiya ina jin kaina.

Muna da ƙa'ida a tsakaninmu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda ya ɗaura roba, shi zai kwance ta kafin ya miƙa aiki. Kuma in mai karɓa ya zo, za ka tsaya ka gaya masa abu uku: abin da injin ya yi yau, abin da ka taɓa a jikinsa, da abin da kake tsoro. Ranar da abin ya faru ana nuna wani babban wasa kai tsaye ƙarfe biyu daidai, tun safe nake lissafinsa. Da ma salla ce ta sa ni sauri, da na samu abin faɗa wa kaina. Yohanna ya iso yana ɗaura rigar aiki, ya ce, "Yaya yake yau?" Na ce, "Lafiya lau," wayata tana hannu, na wuce. Ban kai bakin get ba na ji ihun. Bokiti ne ya maƙale, Yohanna ya buɗe ƙofa kamar yadda aka koya mana, ya yarda injin ya tsaya, ya sa hannu. Yatsa biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya, nan suka tsaya.

Shekara huɗun nan kana ganin hannun Yohanna haka, an ce maka haɗarin aiki ne. To ga yadda haɗarin ya faru. Saboda haka in ka ga roba a jikin makunni, ko ta waye, ko ta wanda ya girme ni, kashe injin ka yanke ta, a zage ka. In sufabaiza ya nuna maka allo, ka nuna masa hannunka. Kuma kada ka taɓa miƙa aiki kana tafiya. Tsaya da ƙafa biyu, ka sa wayar a aljihu, ka faɗi abu ukun nan ko da mai karɓa yana cewa ya sani. In kai ne mai karɓa, kada ka yarda da "lafiya lau" na kowa, ko da amininka ne. Buɗe ƙofar ka ga injin ya tsaya da idonka kafin ka kusance shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi duka muni, kuma babu ruwan bidiyo a ciki, nawa ne ni kaɗai. Ana rububin ɗaukar Yohanna zuwa mota, ni na koma na yanke robar na jefa a aljihu. Kamfani ya ce ganganci ya yi. Mutane suka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Nura, amma ina jin haushin yadda muke lulluɓe sakacinmu da ita, don ƙaddara ba ta san ƙullin roba ba, ni na ƙulla. Na je asibiti da lemo da ayaba na zauna gefen gadonsa ina cewa Allah ya ƙara sauƙi, bakina bai yi nauyin faɗar wannan ba, amma ya yi nauyin faɗar gaskiya. Da ya warke ya bar Sharaɗa ya koma Bompai, suka ba shi kula da ɗakin injina tunda ba ya iya riƙe inji. Sau da yawa ya kira ni ya ce in zo mu buga, allon yana nan, ya koyi ɗaukar doki da hagu. Kullum ina da uzuri. Na daina kallon bidiyon na ɗan lokaci kamar su suka yi laifin, daga baya na koma. Yanzu ɓangaren da nake tsallakewa a da shi na fi tsayawa a kai, ina kallon mutum yana nuna wa duniya inda ya yi kuskure minti biyu da yinsa, ni kuma nawa yana shekara huɗu a ciki.

Da ya ji ka gama makaranta, shi ya kira da kansa ya ce akwai gurbi, in turo ka. Na yi godiya na kashe waya na kasa cin abinci. Duk da haka da na yi shiru na bar ka ka tafi, da ban ji maganarka ta ranar Laraba ba. Ranar Alhamis da na tashi daga aiki na hau adaidaita har Bompai, na sa aka kira min shi bakin get. Na san zan iya jawo maka asarar aikin nan, kuma na tafi da sanin haka. Mun gaisa, na fara kame-kame, ya katse ni.

"Maganar roba ce ta kawo ka?"

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Haruna, ina faɗuwa idona a kanta ya sauka. Da aka dawo duba injin babu ita. Wa zai koma ya cire in ba mai ita ba?"

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Da farko ciwo ne ya hana ni. Daga baya na ce bari in ga ko mutumin nan zai zo da ƙafarsa. Ka san ni da jira. Amma shekara huɗu, Haruna? Ka zo min asibiti da ayaba!"

Ya ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Ban taɓa jin Yohanna ya yi faɗa ba sai ranar, kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Na fara neman gafara, hawaye suka zo min. Ya ce, "Kada ka yi min kuka a bakin get. Na yafe tun tuni, don na gaji da ɗaukarka a raina. Amma yafiya ba ta ɓalla min maɓallin riga da safe, matata ce take yi."

Na tambaye shi ko in ce ka zauna a gida. Ya zuba min ido irin kallon da yake yi wa allo, har na fid da rai. Sannan ya ce, "Yaron bai yi min komai ba, ya zo. Amma ba zan ɗora ɗanka a kan inji yana ɗauka hannuna tsautsayi ne ba. Kuma ba ni zan gaya masa ba, kai za ka gaya masa. Ranar Litinin zan tambaye shi me ya sami hannuna. In bai sani ba, ya hau adaidaita ya koma gida Panshekara."

To ka ji. Ka ga ubanka yadda yake, ba yadda kake zato ba, kuma in ka ji ka rage ganin girmana ba zan ce ka yi laifi ba. Ka ci gaba da kallon wasanka, ban hana ka ba, akwai daɗi akwai ilimi, sai dai ka kalla har ƙarshe, kuma ka bar shi a waya. Ranar Litinin Yohanna zai miƙo maka hannun dama, don bai taɓa ɓoye shi ba. Ka karɓa da hannu biyu, kada ka kau da ido, kada ka yi masa fuskar tausayi. In ya tambaye ka, kada ka ce inji ne, kada ka ce ƙaddara ce. Ka ce masa, "Babana ne ya ɗaura roba, ya tafi bai faɗa ba."

Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin son a yabe ka, ya sa duk ranar da ka shiga kamfanin nan ka fito da yatsunka goma, wanda ya karɓe ka ma ya fito da nasa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ita ma sai jiya ta ji wannan labari.

Mahaifinka,
Haruna